Ranar tatsuniya ta 26 ga Fabrairu: in za mu ara, mu ba tsofaffi bakin magana

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Don Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan tamu in yi magana kan wata rana da Amurkawa ke yi duk shekara ran 26 ga Fabrairu, wai ranar ba da tatsuniya. Na lura wasu makarantun kuɗi a nan wajenmu sun fara kwaso irin waɗannan ranakun suna cusawa a kalandarsu, wasu iyaye na yabawa, wasu kuma na tsaki suna cewa Bature dai ba ya rasa abin yi, komai sai ya yi masa rana. To ni dai ina da magana da kowane ɓangare, amma na fi damuwa da masu yabawar, don su nake tsoron su ɓata abun.

Da farko a san mece ce ranar. Ba hutu ba ne fa, ba a rufe ofis ba a rufe banki, kuma ba wata doka da majalisarsu ta yi a kai. Tana cikin jerin ranakun nan da suka cika kalandar Amurka maƙil, har fiza ma tana da tata ran 9 ga Fabrairu. Waɗanda suka fi riƙe ta su ne ma'aikatan laburare da malaman ƙananan yara da iyaye a gida, a tara yara a shimfiɗa darduma a zauna a ƙasa, wani yaron ya sa kayan basarake wata ta sa na gimbiya, a ba su labarin Sindirela ko na yarinyar nan mai jan mayafi da kerkeci, wani wurin ma a ce yaran su ƙirƙiro nasu su faɗa. Shi kenan, ba wani babban biki ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ranar ke nema a yi, wato a faɗi labarin da baki, mutum ya zauna gaban mutum. Kuma ai sai abu ya fara kuɓuce wa mutane suke yanka masa rana guda a shekara.

Yadda ya kuɓuce musu ɗin shi ne darasin, bari in ɗan tsaya a nan.

Waɗannan labaran da Amurkawa ke ba 'ya'yansu ba a Amurka aka haife su ba, daga Turai suka tsallaka. A 1697 wani tsohon ma'aikacin fadar sarkin Faransa mai suna Charles Perrault ya buga guda 8 a Paris, ya gyara su ya sa musu kwalliya irin ta 'yan fada. Sai kuma 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, waɗanda aka haifa a garin Hanau a 1785 da 1786, su kam masana harshe ne masu aikin laburare a Kassel, kuma lokacin da suka fara tattara tatsuniyoyi ƙasarsu na ƙarƙashin mamayar Faransawan Napoleon, don haka har da kishin harshe da al'ada a cikin abun. Littafinsu na farko ya fito a Disamban 1812 da labarai 86, na biyu ya biyo a 1815 da guda 70, suka yi ta gyara suna sake bugawa har bugu na 7 a 1857 inda labaran suka kai 200.

Mutane da yawa sun ɗauka yawo suka yi ƙauye-ƙauye suna bin manoma, a'a, yawanci a ɗakinsu suke zaune ana zuwa ana ba su, kuma mafi yawan masu bayarwar mata ne. Akwai 'yan matan gidan Hassenpflug, akwai 'yar maƙwabtansu Dortchen Wild wadda daga baya Wilhelm ya aura a 1825, sannan akwai wata dattijuwa Dorothea Viehmann, matar wani tela daga wani ƙauye kusa da Kassel, tana shigowa gari tallan kayan lambu sai ta biya ta gidansu, ita kaɗai ta ba su labarai sama da 40. Su da kansu sun rubuta cewa in an ce ta maimaita tana iya maimaitawa a hankali ba ta canza komai har a rubuta. Ta rasu a 1815 cikin talauci. Yau duk duniya tatsuniyoyin Grimm ake cewa, har UNESCO ta sa kwafin littattafansu na Kassel cikin kundin kayan tarihin duniya a 2005, amma je ka tambayi mutum ɗari wace ce Dorothea ka ji. Gaskiya dai sun yi mata adalci kaɗan, sun ambace ta kuma sun sa hotonta a bugun 1819, sauran matan ne ba a ko ji ɗuriyarsu ba sai da masu bincike suka tono daga baya.

Kuma da labarin ya hau takarda sai aka fara yi masa aski. A bugun farko, matar da ta sa a kashe yarinyar nan ta tatsuniya Snow White uwarta ce ta cikinta, haka ma wadda ta sa aka yar da yaran nan wa da ƙanwa Hansel da Gretel a daji uwarsu ce, sai Wilhelm ya ga abun ya yi nauyi ga gidajen masu tarbiyya ya mayar da su matan uba. Kun ga ashe ba mu kaɗai muka ɗora wa kishiyar uwa jakar tsaba ba. A wajen Perrault kerkeci ya cinye yarinyar nan mai jan mayafi labari ya ƙare a nan, a wajen su Grimm sai ga maharbi ya zo ya farke cikin kerkecin ya fito da ita da kakarta da rai. Sannan kamfanin Disney ya zo da fim ɗin katun na Snow White a 1937 da na Sindirela a 1950, daga nan kuma labarin da a da kowace tsohuwa ke da irin nata ya koma iri ɗaya tak a kan kowane yaro, fuska ɗaya riga ɗaya waƙa ɗaya. Yaron da ya ga fim ɗin in ka ba shi labarin da wata siga sai ya ce maka ba haka ba ne ka yi kuskure.

Wannan ne ya sa suka dawo suna neman bakin da suka yar. A Oktoban 1973 wani malamin sakandare mai suna Jimmy Neil Smith ya shirya taron masu ba da labari a wani ɗan ƙaramin gari Jonesborough a jihar Tennessee, aka jawo amalanken ciyawa aka mai da shi dandamali, mutanen da suka zo ba su wuce 60 ba, yanzu duk Oktoba dubbai ke cika garin suna zama cikin manyan tantuna, kuma kuɗi suke biya don kawai su ji mutum ya tsaya ya ba da labari da baki ba fim ba kiɗa. A Suwidin ma a farkon shekarun 1990 suka fara tasu ranar a watan Maris wadda ta bazu ta zama ranar ba da labari ta duniya ran 20 ga Maris. Ita ta 26 ga Fabrairun 'yar'uwarsu ce a wannan layin.

To Malam Edita, ina ruwan Bahaushe da wannan? Da ruwansa mana, ta hanya fiye da ɗaya ma. Duk wanda ya yi firamare a Arewa ya karanta Magana Jari Ce ya riga ya sha labaran su Grimm bai sani ba, don marigayi Abubakar Imam ya ɗebo wasu daga can da wasu daga Dare Dubu da Ɗaya ya sa musu rawani da babbar riga suka zama 'yan gida. Akwai kuma wadda ta fi wannan ban mamaki. Cikin labaran da Dortchen ta ba su akwai na wata tsohuwa Frau Holle, yarinya ce matar uba ke gallaza mata, mazarinta ya faɗa rijiya aka ce sai ta ɗauko, ta faɗa ciki ta tsinci kanta a wata duniya, burodi a tanda ya ce ciro ni ta ciro, bishiya ta ce girgiza ni ta girgiza, ta yi wa tsohuwa aiki da ladabi, da za ta dawo aka yi mata ruwan zinariya. 'Yar gatan gidan ta ce ita ma sai ta je, ta je da rashin kunya da son jiki, aka kwara mata kwalta. Don Allah wace Bahaushiya ce za ta ji wannan ba ta ce kai, ai 'yar bora da 'yar mowa ce ba? Tamu an aike ta wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, ta bi kogi-kogi tana tambaya da waƙa, ta iske cinya da kare, cinya ta yi gurnani kare ya fassara, aka ba ta ƙashi da ƙwayar shinkafa ɗaya ta dafa ba musu tukunya ta cika, aka ba ta ƙwai ta fasa a inda aka ce dukiya ta fito, 'yar mowa ta je ta yi tsiwa ta fasa nata ta kwaso wa kanta masifa. Babu wanda ya kwafi wani, masana sun daɗe da gano cewa wannan labarin na 'yar kirki da 'yar banza yana nan a ƙasashe barkatai. A 2016 ma wasu masu bincike biyu, Sara Graça da Silva da Jamie Tehrani, sun fitar da nazarin da ya nuna wasu tatsuniyoyin Turai sun kai shekara 4,000, ɗaya ma ta maƙeri da shaiɗan ta kai wajen 6,000, tun kafin a fara rubuta harsunan da ake ba da su. Baki ne ya ɗauko su duk wannan tafiyar.

Mu ma hanyar da suka bi muke kai, sai dai mu ba mu kai ƙarshenta ba tukuna. An rubuta namu, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka rubuta. Wani ɗan mishan Bajamushe Schön ya rubuta daga bakin Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyin nan Bajamushe Barth har Ingila, aka buga a 1885. Baturen mulki Frank Edgar ya fitar da kundi 3 tsakanin 1911 da 1913 daga rubuce-rubucen ajami na malamai, wani Baturen Rattray a 1913 ya buga na Malam Shaihu da aka rubuta a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa 'yan makaranta nasa tun 1971, Dakta Bukar Usman ma ya yi gagarumin aiki a wannan zamanin. Amma ku duba sunayen nan da kyau, duk maza ne, alhali duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a zaure ake tatsuniya ba, a cikin gida ake yi, ɗakin kaka ko na goggo ko na amaryar da aka kawo kwanan nan yara suka cika mata ɗaki suna taya ta hira. Namu su Dorothea ɗin ko hoto ba su samu ba.

Kuma abin da takarda ke iya ɗauka kaɗan ne wallahi. Ta yaya za ka rubuta yadda tsohuwa ke maƙe murya in ta zo kan Gizo, ta yi tsamin bakin nan nasa, yanka ya daɗe saiki, yara su kwashe da dariya har wani ya faɗi? Ko yadda take yin ƙasa da murya in Dodo ya doso, ta yi shiru na ɗan lokaci tana murza goro a magogi da gangan, ƙananan su matso su maƙale a jikinta? Ga waƙar da ke tsakiyar labari wadda dole kowa ya amsa, in ba ku amsa da ƙarfi ba ta ce to barci kuke ji a tashi. Tun buɗewar ma ai ba mutum ɗaya ke yi ba, in ta ce ga ta nan ga ta nanku sai kun ce ta zo mu ji ta sannan ta ci gaba. Kafin nan an yi kacici-kacici an sha musu, wanda ya kasa ya ba da gari, a ba ka Kano ka ce ba ka so sai an ƙara maka da Katsina. Kuma tsohuwa tana kallon fuskokin da ke gabanta ne tana juya labarin, in akwai yaron da ya saci nama a tukunya ranar, to ku tabbata kura za ta sha wuya a daren nan fiye da kullum, kowa kuma ya san da wa ake. Littafi ba ya ganin fuskar mai karatu, waya ma haka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata makaranta a nan garinmu, ba zan kama suna ba, ta shirya irin wannan taron na raya tatsuniya aka gayyace mu mu iyaye. An kafa kanofi an kawo lasifika an ta da janareta, aka ɗauko wata tsohuwa daga unguwa wadda kowa ya san ta da iya tatsuniya aka ajiye ta a kujerar roba can gefe. Shugaban taro ya yi jawabi, uban taro ya yi, babban baƙo ya makara aka jira shi ya zo shi ma ya yi, wani malami ya karanta takarda mai shafi da yawa kan muhimmancin tatsuniya wajen gina tarbiyya, yara na ta hamma rana ta take. Da aka zo kan baiwar Allah nan sai mai gabatarwa ya miƙa mata makirfo ya ce Iya a taƙaita don lokaci ya ƙure. Ta riƙe abun nesa da bakinta kamar zai cije ta, ta fara ke nan ba ta ko kai ga waƙar ba aka fara rabon lemo, hankalin yara ya tafi can. Aka tafa mata aka ɗauki hoto aka watse. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ba a ma yi tunanin cewa ita a saninta ba a tatsuniya da rana ba. Mun taso ana ce mana wanda ya yi da rana zai ɓata a kasuwa, in kuma dole sai an yi to sai an ɗaure Gizo tukuna. Camfi ne, eh na sani, kada malamai su taso min, amma camfin da dabara a cikinsa, da rana akwai aike akwai talla akwai makarantar allo, dare ne lokacin da hankali ke kwance duhu kuma ya taya mai labari aiki. Dodon da aka ba da labarinsa ƙarfe 12 na rana ƙarƙashin kanofi wa zai ji tsoronsa.

Su kuma masu cewa wannan duk kwaikwayon Nasara ne, ina gane damuwarsu, ni ma ba na son mu zama duk abin da aka buga a can sai mu taka a nan. Amma tatsuniya ai ba su suka kawo mana ba, sun same mu da ita, har su suka zauna suna rubuta tamu. Kwanan watan ne kawai nasu, kuma ba dole sai shi ba, muna da Ranar Hausa ta Duniya ran 26 ga Agusta da aka fara tun 2015, ga ranar harshen uwa ta UNESCO ran 21 ga Fabrairu, duk wadda aka ɗauka ta yi. Ni dai in ta ni ne na fi son Fabrairun, an gama aikin gona, ga sauran sanyi-sanyi, ba ruwan sama da zai kore mutane daga tsakar gida. Masu cewa ƙarya ce kuma bai kamata a koya wa yara ƙarya ba, to ai ita tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba, da bakinta take rufewa da cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya, yaro ɗan shekara 5 ma ya san kura ba ta magana. Abin da ke cikin wayoyin da muke miƙa musu don su yi mana shiru ya fi cancantar wannan tambayar.

Kuma kada a ce min ai yaran yanzu ba sa so. Ba a ba su ba ne. Gidajen sun canza, kowa ya ware da matarsa a gidan haya, kaka tana ƙauye ko tana wata unguwa sai da salla ake kai mata jikoki su gaishe ta a tsaitsaye, amarya kuma tana shiga ɗaki da wayarta da talabijin ɗinta ba ta buƙatar yaran unguwa su taya ta hira. A wasu wuraren ma rashin tsaro ya hana zaman dare gaba ɗaya, ana sallar isha kowa ya kulle ƙofa. Uwar da ita kanta ba a yi mata ba me za ta ba ɗanta, in ta fara ta Gizo da Ƙoƙi sai ta tsaya a tsakiya ta ce na manta sauran.

Don haka roƙona gare ku ne ku 'yan jarida, tunda kuna da wakilai a jihohi. In ranar ta zagayo kada ku cika mana shafi da hirar masana kan ma'anar tatsuniya da rabe-rabenta, wannan an yi an gaji, yana nan jibge a kundayen digiri a jami'o'i. Ku tura wakilanku cikin gidaje da izinin masu gida, in wakiliya mace ce ma ya fi, ta je bayan isha ta zauna a tabarma da yaran gidan ta kunna rikodar wayarta ta yi shiru. A samo ta Sakkwato da gatanarta da karin harshenta, a samo ta Daura da ta Zazzau da ta Haɗeja, in da hali a tsallaka Maraɗi da Damagaram, a buga yadda ta faɗa, kada edita ya mayar da ita Hausar Kano kada kuma a cire wurin da ake ganin ya yi tsauri irin yadda Wilhelm ya yi, a sa muryar a shafinku na intanet don a ji waƙar. In ta yarda a rubuta sunanta da garinta a saman labarin da manyan baƙi, a kuma ba ta ɗan abin goro mai kauri, don aiki ta yi. Makarantu kuma masu son yin bikin, su rage kanofi da manyan baƙi, su raba yaran aji-aji kowane aji da tsohuwarsa, a rufe ƙofa a ba ta awa guda cur ba mai katse ta, hedimasta in yana son ji ya samu benci a baya ya zauna.

Na gode da fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. A gaida ma'aikata.

Taku,
Wata uwa mai karanta ku kullum, daga Zariya